Ɗan Kwangila: Amana Ba Ta Hana Rubutu



 Kwamitin shirya taro ya ɗora mini magana a kan zaɓen ɗan kwangila. Ni ba injiniya ba ne, sai dai na biya kuɗin wannan darasi da tsada, don haka na ga bai kamata wani a cikinku ya sake biya ba.

Shekarun baya na tashi sauya rufin gidan mahaifiyata, a kuma ƙara mata ɗaki guda. Wani surukina ya kawo mini mutum, ya ce nasa ne. Kunya ta hana ni tambayar komai. Na ɗauki kuɗin aikin kusan duka na damƙa masa, babu takarda, babu shaida. Ruwan farko na daminar nan iska ta yaye rabin kwanon, tsohuwa ta kwana a zaune da jikoki, ana tarar ruwa da roba. Da muka duba, ashe ɗanyen katako ya sa, kuma bai ɗaure shi da bango ba. Na neme shi, ƙasa ko sama. Kuɗi sun tafi, zumuncina da surukin kuma ya yi tsami.

Ga abin da na koya.

Na farko, gani ya kori ji. Kada ka yarda da daɗin baki. Ka ce ya kai ka aikinsa biyu ko uku da suka sha damina aƙalla biyu, sannan ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi: ya gama a kan lokaci? Ya nemi ƙari a tsakiyar aiki? Ka kuma san gidansa da mai unguwarsa.

Na biyu, ka karɓi lissafi a rubuce daga mutum uku, kowa ya raba kuɗin kaya da na aiki. Wanda ya fi kowa sauƙi nesa ba kusa ba, ka ji tsoronsa, domin a siminti da rodi zai fanshe. Araha ba ta ado.

Na uku, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To, mene ne abin kunya? A rubuta kaurin kwano, girman rodi da ranar gamawa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran a biya mataki-mataki bayan an ga aiki. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na tsawon wata shida, ko har damina ta gwada rufin.

Na huɗu, ka san ɗan abin da za ka duba da idonka. Kwaɓin kankare da aka saba shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Sabon kankare yana son ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafa ƙarfinsa ya cika. Bulon da ka murza da yatsa ya zube, yashi aka sayar maka.

Na biyar, idan aikin ya taɓa ginshiƙi, ko za a ɗora bene, ko a fasa bangon da ke ɗauke da nauyi, wannan ya wuce birkila. Ka nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ko magini mai rajista da CORBON ta 1989, ka kuma karɓi izinin hukumar tsara birane. Mun ga benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a 2021 ya kashe fiye da mutum 40, da makarantar da ta rufta kan ɗalibai a Jos a 2024, aka rasa rai 22.

'Yan uwa, ban ce duk ɗan kwangila macuci ba ne. Wanda ya gyara mini ɓarnar nan shi da kansa ya fara cewa a kawo takarda da biro. Mutumin kirki ba ya gudun rubutu. Mu ma masu ba da aiki, in an gama mu biya haƙƙi ba tare da ja-in-ja ba.

Ina ba wannan ƙungiya shawara ta buɗe littafi, duk wanda ya ji daɗin aikin wani ya rubuta sunansa. Injiniyoyin cikinmu kuma, ku yi haƙuri da mu idan mun ƙwanƙwasa ƙofa.