Gurbin Maza da Maƙwabta wajen Hana Cin Zarafi a Gidan Aure

Abin da ake nufi da cin zarafi a gidan aure ya zarce duka da mari, domin ya ƙunshi zagi da barazana, da hana ci da sha ko magani, da korar mace daga ɗakinta da tsakar dare, da ƙwace ɗan abin da ta samu daga sana'arta. A tsohuwar unguwa irin Wunti da ke garin Bauchi, inda katangar wani ke jingine da ta wani, kuma zirga-zirgar kasuwa ba ta yankewa daga safe har dare, da wuya irin wannan abu ya faru ba tare da kunnen maƙwabci ya ji ba. Jama'a suna sane. Abin da ya gagara shi ne magana, saboda an taso da cewa tsakanin miji da mata sai Allah.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci wani nau'in cutarwa daga mazajensu, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Binciken ya kuma gano cewa kashi 28 na mata da kashi 21 na maza suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa a kan dalilai irin su ƙona abinci ko fita ba izini. Yadda mata suka fi maza yarda da hakan yana nuna irin nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta, wadda kusan dukkanta haƙuri ce, alhali ango ba kasafai ake zaunar da shi a gaya masa komai ba.

Ta fuskar doka an samu sauyi. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ƙunshi sashe na 55 da ya ba miji damar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar haramta cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, ta mayar da dukan abokin aure laifin da ake iya ɗaure mutum har shekara uku a kansa, ta kuma tanadi umarnin kariya, wato takardar kotu da ke hana mai cutarwa kusantar wanda yake cuta. Jihar Bauchi ta rungumi dokar a 2020 a zamanin Gwamna Bala Mohammed. Sai dai doka ba ta jin kuka ta bayan katanga, kuma macen da ta kai mijinta ofishin 'yan sanda ta san abin da dangi za su ce da ita.

A nan ne fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na ƙasar Hausa ke aiki da shi, ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya daɗe da ɗora wa al'umma nauyin da ake ta kiran ta ɗauka a yau. Malamai sun tabbatar wa mace haƙƙin neman alƙali ya raba aure saboda darar, wato cutarwar da miji ke yi mata da hannu ko da baki, kuma ba sai ta biya fansar khul'i ba idan cutarwar ta tabbata. Tun da yake duka a ɗaki ake yinsa, ba a gaban shaidu ba, littattafai irin su Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim sun yarda a tabbatar da shi ta hanyar shaidar ji, ma'ana labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta da amintattun mutane. Idan ƙorafi ya yawaita babu hujja, alƙali na iya zaunar da ma'auratan cikin mutanen kirki da za su sa ido, sannan aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tanadi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Saboda haka maƙwabcin da ya ji ya yi shiru ya toshe ƙofar da shari'a ta buɗe wa mai rauni, ko da kuwa yana ganin kawaici ya yi.

Al'ada ma tana da nata tsarin. Yaji, wato tafiyar mace gidan iyayenta don nuna ɓacin rai, da biko, wato zuwan miji ko wakilansa don maido ta, dama ce ta titsiye namiji a gaban manya. Amma sau da yawa uba ko waliyyi, saboda kunyar surutu ko nauyin ciyarwa, yakan tasa 'yarsa gaba ya mayar da ita tun kafin a zo bikon, kuma darasin da mijin ke ɗauka daga hakan a fili yake.

Jamhuriyar Nijar ta gwada wata hanya. A 2008, da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe makarantun mazaje a jihar Damagaram, inda ake zaɓen magidanta masu mutunci su riƙa haɗuwa a kai a kai suna tattauna lafiyar iyali, sannan su isar da saƙon ga sauran maza. Tushen shirin haihuwa da awon ciki ne, amma dabararsa ta dace da wannan batu, domin namiji ya fi sauraron tsaransa a majalisa fiye da jami'in da ya zo da mota daga ofis. A Kano kuwa, Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi gargaɗi a 2017 cewa mai sarautar da ya doki matarsa zai rasa rawaninsa.

Wunti ba ta rasa irin waɗannan kafofi ba: akwai masu unguwa ƙarƙashin masarautar Bauchi, da limaman masallatai da shugabannin coci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da majalisun da maza ke zama bayan la'asar. Ƙungiyar da ke iya ladabtar da ɗanta saboda ya ci amanar bashi tana iya kiransa idan ya fasa wa matarsa baki. Sulhun zaure yana da iyaka, duk da haka. Inda aka kai ga karaya, ko ɓarin ciki, ko barazanar kisa, aikin mai unguwa shi ne ya kai mace asibiti, ya miƙa maganar ga hukuma, ya kuma yarda ya tsaya shaida idan kotu ta kira shi.