Shirin wannan mako: Ina ƙugiyar ƙ ɗinmu take zuwa a shafukan intanet?

Yau kan haruffa zan yi magana. Na san wani zai ce ana fama da tsadar rayuwa ni kuma ina zancen ƙugiyar harafi. Ku ɗan yi haƙuri da ni.

Duk mai karanta Hausa a waya ya san abin nan: ana tsakiyar karatu sai ga ɗan akwati fanko a gurbin ƙ ko ɗ. Ko kuwa harafin ya fito, amma ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, kamar baƙo a gidan biki. Da yawanmu wayar muke zargi, alhali sau tari matsalar daga wanda ya gina shafin take.

Ga yadda abin yake. Mai gina shafi yakan zaɓi salon haruffan da ya burge shi, ya ɗora fayil ɗinsa a shafin, burauzar wayarka ta sauko da shi ta zana rubutun. Idan ta zo kan harafin da babu shi a fayil ɗin, sai ta aro daga wani salon da ke cikin wayar. Shi ne baƙon nan na gidan biki. In ba ta samu na aro ba, sai akwati. Akwatin nan har suna gare shi, ana ce masa tofu, wato awara, kuma salon Noto na Google daga nan ya samo sunansa, ma'ana babu awara.

Akwai wani abu da ya keɓanci Hausa. A tsarin Unicode, inda kowane harafi na duniya ke da lambarsa, haruffanmu ba a unguwa ɗaya suke zaune ba. Ƙ da ƙ, da Ƴ da ƴ ɗin da 'yan Nijar ke rubutawa, da manyan Ɓ da Ɗ, duk suna rukuni guda na ƙarin haruffan boko. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can cikin rukunin alamomin furuci na masana harshe. Don haka mai zana haruffa zai iya kammala rukunin farko ya ce ya gama, bai taɓa leƙa na biyu ba. Shi ya sa za ka ga shafin da "ƙasa" ta fito lafiya lau, "ɗalibi" kuwa ya fito da rauni.

Sannan ga masu rage nauyi. Don shafi ya riƙa buɗewa da sauri, akan yanke fayil ɗin a bar haruffan Turanci kawai. Niyya mai kyau ce, data tsada gare ta. Amma wuƙar a kanmu take sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da mutane suka samo wa kansu: su daina sa ƙugiya gaba ɗaya. To ai kishi daban, ƙishi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Ka rubuta "ya kare" kana nufin ya ƙare. Babba zai gane daga ma'anar jimla, amma yaron da ke koyon karatu a wayar yayarsa fa? Shi abin da ya gani shi ne daidai. Kuma idan rabinmu na rubuta "ƙasa" rabi na rubuta "kasa", mai bincike a shafi zai iya neman ɗaya ya rasa ɗayar.

Su ma burauzoji ba bakinsu ɗaya ba. Shekaru da dama Internet Explorer nau'in fayil ɗinta na EOT kawai ta sani, masu gina shafi su yi ta ɗora fayil uku ko huɗu don kowace burauza ta samu nata. Wannan ya wuce. Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya a 2022, kuma WOFF2, wanda aka tabbatar da shi a 2018, kusan kowace burauza ta zamani na karanta shi. Wadda ta shafe mu ita ce Opera Mini. Idan tana kan matsanancin tsimin data, ba ta sauko da salon haruffan shafi sam. Wanda ya yi alamomin maɓallansa da fayil ɗin haruffa, mai Opera Mini ba zai ga inda zai danna ba. Wasu burauzojin kuma sukan ɓoye rubutu har daƙiƙa 3 suna jiran fayil ya sauko. A inda netwok ke rarrafe, mutum ya ga farin shafi ya fice abinsa. Layi ɗaya ke gyara wannan, font-display: swap, wanda ke cewa a nuna rubutun da haruffan waya tukuna.

To, ƙungiyoyinmu na matasa da ke biyan kuɗi a gina musu shafi, ku ne nake so ku ji wannan. Kada a nuna muku shafi cike da Turanci a babbar kwamfuta ku ce ya yi. Akwai salo na kyauta masu ɗauke da haruffanmu cif: Noto Sans, da Andika da Charis na SIL. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi. In mai aikin ya nace kan wani salon don ado, ya bar shi a tambarin ƙungiya, ya sa ɗaya daga cikin waɗannan a jikin rubutu.

Kafin ku biya cikon kuɗi, ku ba shi wannan jimlar ya liƙa a kanun shafi da kuma jikinsa: "Ɗan ɓera ya ɓuya ƙarƙashin ɗakin Ƙanin ƴar Ɓaidu." Ku ce ya yi ta da kauri, ya kuma yi ta a karkace, domin kowanne fayil ɗinsa daban, ɗaya na iya samun ƙugiya ɗaya ya rasa. Sai ku buɗe a Chrome, ku buɗe a Opera Mini, a kan wayar da ta fi kowacce tsufa a gidanku.

Duk wanda ya ci karo da awara a wani shafi, ya ɗauki hotonta ya ajiye mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.