Injin Shaƙa da Injin Ɗura: Abin da Agogon Fagen Tsere Yake Nunawa



Duk wanda ya saba zama a garejin kanikawa a Tudun Wada, ko da jiran a sake masa fulogi yake yi, ya san wata gardama da ba ta ƙarewa. Dattijon bakanike, wanda ya koyi sana'a a kan Peugeot 504, zai ce injin ƙwarai shi ne mai faɗin ciki, wanda ba a rataya masa kome ba. Yaronsa kuwa zai zaro waya ya nuna masa mota mai ɗan ƙaramin inji da turbo, ta bar manya a baya a fagen tsere. Kowannensu yana da hujja. Gardamar kuma ta wuce hira, domin ma'aikacin da ya tara kuɗin shekaru zai sayi mota 'yar Kwatano, yau da wuya ya zaga kasuwa bai tarar da wannan zaɓi a gabansa ba.

Kafin a je fagen tsere, wajibi ne a san abin da ake gardama a kai. Galibin mutane sun ɗauka fetur ne abincin inji. Gaskiya ne, amma fetur ba ya ci sai da iska, kuma iskar da ake bukata ta ninka shi kusan sau 15 a nauyi. Lita ɗaya ta fetur tana neman iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi. Samar masa iskar da zai ƙona man ita ce wahala. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da ya iya haɗiyewa.

Tsohon inji, irin na 504, da kansa yake jan numfashi: fistin ya sauka, iska ta bi shi ciki. Wannan shi za a kira injin shaƙa a cikin wannan lacca. Na biyun kuwa ɗura ake yi masa, kamar yadda ake yi wa jariri, ko kamar maƙeri da zugazuginsa. Turbo farfela biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa, wanda yake ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona, shi ke juya ta farko. Ta biyu kuma tana danna iska cikin silinda. Juyin sandan nan yakan wuce 150,000 a minti ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistarta a 1905, amma ba ta shiga motocin hawa ba sai 1962 a Amurka.

Shekarar 1975 tana da abin lura. A cikinta ne masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta direban haya baki ɗaya. A cikinta ne kuma 504 ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa. A wannan shekarar dai Porsche ya fitar da 911 Turbo kasuwa, mai ƙarfin doki 260. Watau a lokacin da injin shaƙa yake kan ganiyarsa a hanyoyin Afirka, magajinsa ya riga ya tsaya a ƙofa.

A tseren Formula 1 aka fara raba gardamar. Dokar wancan zamani ta yarda da injin shaƙa mai lita 3, ko injin ɗura mai lita ɗaya da rabi. Babu wanda ya ɗauki na biyun da muhimmanci sai kamfanin Renault na Faransa, wanda ya shigo da shi a 1977. Motar ta riƙa mutuwa tana tuttuɗo da farin hayaƙi, har Turawan Ingila suka sa mata suna butar shayi. Shekara biyu aka yi ana dariya. A 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Dijon da ita, a 1983 Nelson Piquet ya zama zakaran duniya da injin ɗura na BMW, zuwa 1986 kuwa waɗannan ƙananan injuna suna ba da doki fiye da 1,000 a ranar gwaji, alhali sanannen injin shaƙa na Cosworth iyakarsa wajen 500. A 1988 an taƙaita musu ƙarfin ɗura, an rage musu mai, duk da haka McLaren mai injin Honda ta ci tsere 15 cikin 16. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka hana turbo ɗungurungum daga 1989, bai dawo ba sai 2014.

Akwai wani ɗan abu a cikin tarihin nan da ya kamata mutumin Zariya ya tsaya a kai. A farkon 1980, lokacin da Renault ba ta gama zama abin dogaro ba, René Arnoux ya ci tsere biyu a jere da ita: ɗaya a Interlagos ta Burazil, ɗaya a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Abin da ya haɗa filayen biyu shi ne tudu. Interlagos ta ɗara tudun Zariya kaɗan, Kyalami kuwa ta fi Jos bisa. Gwargwadon yadda aka hau, gwargwadon yadda iska ke sirancewa, injin shaƙa kuma yana asarar kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100. Zariya tana bisa teku da mita ɗari shida da wani abu. Ashe ke nan motar da aka auna ƙarfinta a Legas, in ta iso Kwangila ta zubar da kashi 6 ko 7 a hanya ba tare da wani abu ya lalace ba. In ta hau Jos, asarar ta kai kashi 12. Sa'an nan a ƙara zafi. Iskar watan Afrilu, sa'ad da ma'auni ya kai 40, ta fi ta safiyar hunturu mai awo 20 sauƙi da kusan kashi 6. Direbobin da ke cewa mota ta fi jin daɗin tafiyar asuba, ba camfi suke yi ba.

Injin ɗura bai damu da wannan ba sosai, domin in iska ta sirance sai farfelar ta ƙara juyi ta cike giɓin. Don wannan dalili ma aka fara gwada turbo a injunan jiragen sama: a 1918 Sanford Moss ya ɗauki inji ya kai shi ƙololuwar dutsen Pikes Peak a Amurka, mita 4,300, don ya nuna ɗura tana mayar masa da ƙarfin da tudu ya ƙwace.

To, a juyo ga motocin gudu da ake sayar wa jama'a, inda gwajin ya fi kusa da tambayar yaron gareji. Kamfanin Ferrari yana da filin gwajinsa a Fiorano. Motarsa 458 Italia, injin shaƙa mai lita 4.5 da doki 570, ta zaga filin a minti 1 da sakan 25. Magajiyarta ta 2015, watau 488 GTB, injin ɗura mai lita 3.9 da doki 670, ta zaga shi a minti 1 da sakan 23. Abin da ya ba ta sakan biyun nan bai tsaya ga yawan doki ba. Ƙarfin murɗa ƙafa, wanda shi ke fizgar mota in ta fito daga kwana, tsohuwar ba ta cika shi ba sai inji ya kai juyi 6,000. Sabuwar tana da fiye da shi nesa tun a juyi 3,000. Filin tsere kuwa kwana ne bayan kwana. Haka Porsche ya yi wa 911 Carrera a ƙarshen 2015: ya cire injunan lita 3.4 da 3.8, ya sa na lita 3 mai turbo biyu, ya ce sabuwar Carrera S ta rage sakan 10 a Nürburgring ta Jamus.

Da nan zancen ya tsaya, da dattijon bakanike ya sha kaye. Amma a duba wannan. Tsakanin 458 da 488 an yi wata 458 Speciale, injin shaƙa ce, an rage mata nauyi, an sake mata taya; lokacinta a Fiorano minti 1 da sakan 23 da rabi. Rabin sakan kacal tsakaninta da mai turbo. Misalin Nürburgring ya fi wannan ban mamaki. Filin nan ya haura kilomita 20, da hawa da gangara da kwana fiye da 70. A 2017 Porsche 911 GT2 RS, injin ɗura mai doki 700, ta zaga shi a minti 6 da sakan 47.3. A 2022 ƙanwarta GT3 RS, injin shaƙa mai doki 525, ta yi wannan tazarar a minti 6 da sakan 44.8. Ta gaza da doki 175, ta kuma riga. Fukafukan da ke danne ta a ƙasa, da tayoyin da aka inganta cikin shekara biyar, da birki, su suka biya bashin.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, agogo mota yake aunawa gaba ɗayanta, da direbanta da yanayin ranar, ba inji kaɗai ba. Wanda ya jera sabuwar mota mai turbo da tsohuwa marar shi, ya ce bambancin lokacinsu aikin turbo ne, ya manta cewa sabuwar ta zo da giyar da ke canza kanta cikin ƙiftawar ido, tsohuwar kuwa hannu da kuloci take jira. Turbo yana da kasonsa, kaso mai tsoka, amma masu talla sukan ba shi na wasu su haɗa masa.

Har wa yau, lokacin da kamfani ke bugawa na zagaye ɗaya ne, da safe, da sabuwar taya. Matsa iska yana zafafa ta, shi ya sa ake sa mata lagireto nata dabam kafin ta shiga inji. Hayaƙin da ke juya farfela yakan kusanci awo 1,000. In aka yi zagaye biyar ko goma a rana mai zafi, kwamfutar motar takan ga iska ta ɗumama, sai ta rage ɗura, ta jinkirta wuta, ta ƙara zuba mai don ta sanyaya silinda. Ƙarfi ya ragu, tattalin man da aka yi alkawari kuma ya tafi. Injin shaƙa mai ƙoshin lafiya, abin da ya bayar a zagayen farko kusan shi zai bayar a na goma. Akwai kuma batun jinkiri: farfela sai hayaƙi ya taru take tashi, don haka tsakanin taka totur da zuwan ƙarfi akwai ɗan nawa. A 911 Turbo ta 1975 nawan ya yi ƙaurin suna, domin ƙarfin yakan zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana ya juya motar. Injunan yau sun rage shi ƙwarai, amma gwanayen direbobi har yanzu suna jinsa, shi ya sa Porsche ya bar GT3 da injin shaƙa mai kai juyi 9,000.

Tseren Safari ya fi Nürburgring kama da hanyar Birnin Gwari, kuma abin da ya faru a can ya cancanci a ambata. Audi Quattro, mai turbo da ja da ƙafa huɗu, ta shigo a 1981 ta mamaye tseren Turai, amma ba ta taɓa cin Safari ba. Daga 1979 zuwa 1982 Shekhar Mehta ne ya ci sau huɗu a jere da Datsun mai injin shaƙa. Da turbo ya zo ya ci, daga 1984 zuwa 1986, a jikin Toyota Celica ya zo, mota mai ja da baya kawai, marar tarkace, wadda aka gina don ƙura da ramuka. Ita ma Peugeot 205 Turbo 16, zakarar duniya a 1985 da 1986, Safari ya gagare ta. Sai da aka sake mata gini, aka tsawaita ta, sa'an nan ta ci tseren Paris zuwa Dakar a 1987, wanda a shekarun nan yakan ratsa Nijar ta Agadas da hamadar Tenere.

Ma'aikacin da ke Kongo ko Samaru ba Ferrari zai saya ba, amma lissafin ɗaya ne. A 2018 Honda ya cire injin lita 2.4 daga Accord ya sa na lita ɗaya da rabi mai turbo, doki ya tashi daga 185 zuwa 192. Toyota kuwa ya bar Camry da injin shaƙa mai lita biyu da rabi. Su biyun nan suna shigowa ƙasar nan suna da shekara biyar ko fiye. A tudun Zariya da zafin bazara, mai turbo za ta fi kuzari wajen wuce tirela, kuma in aka tuƙa ta a hankali za ta iya rage shan mai, abin da ya zama babban zance tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023. Sai dai sandan da ke juyi 150,000 a kan ɗan siririn bakin mai yake yawo. Bakin mai na jabu, ko wanda ya wuce lokacin juyewa, yana ƙonewa a cikin turbo ya toshe hanyarsa. Ƙurar hunturu, in matatar iska ta yage ko an buge ta an mayar, tana cin bakin farfela kamar yadda yashi ke cin ƙarfe. Fetur ɗin ƙasar nan awonsa wajen 91 ne. Injunan da aka yi wa kasuwar Amurka galibi suna jure shi, amma da yawa daga na Turai 95 ko 98 suke so. Gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ya lalata motoci iri-iri, kuma inji mai matsi da yawa ba shi da haƙurin 504, wadda kome aka zuba mata takan yi tari ta wuce.

Gyaran ma ya bambanta. Kabireta a gindin bishiya ake kwance ta, a wanke da fetur a ɗaura. Injin ɗura kuwa sai an jona masa na'urar karanta laifi, turbo in ya mutu galibi sakewa ake yi ɗungum, kuma kafin a sa sabo sai an gano abin da ya kashe tsohon, in ba haka ba sabon ma wata biyu zai yi. Masu tsofaffin motocin turbo, waɗanda ba su da famfon sanyayawa bayan an kashe inji, in sun sha gudu daga Kaduna suka iso Tudun Wada, sukan bar motar tana aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin su zare mabuɗi, don bakin mai ya ci gaba da zagayawa har sandan ya huce.