Tayin ɗakin otal a intanet: yadda rangwame ya bar ni da dala 40 a New York

Waɗanda data ba ta isar su su saurari murya, ga shirin an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau mun ɗan ajiye siyasa a gefe. Makon jiya wata ƙanwarmu ta turo mini saƙo. An gayyace ta taro a Amurka, masu taron sun ɗauki nauyin jirgi, masauki kuwa sun ce ta ji da kanta. Sai ta ci karo da wani bidiyo ana cewa mutum zai iya taya ɗakin otal a intanet, ya samu na alfarma a rabin kuɗi. Ta ce mini, "Yaya, da gaske ne ko damfara ce?" Na ce mata da gaske ne, amma ta dakata tukuna kar ta sa katinta, don ni abin ya taɓa cizo na. To shi ne na ce bari mu yi maganar a nan kowa ya amfana.

Mu fara da asalin abin. A shekarar 1998 wani Ba'amurke mai suna Jay Walker ya buɗe shafin Priceline da wata dabara: maimakon mai kaya ya faɗi farashi, kai mai saye kai za ka faɗa. Da tikitin jirgi suka fara, sannan ɗakunan otal suka biyo baya. Ɗan wasan fim ɗin nan William Shatner shi ya daɗe yana yi musu talla. Kamfanin ya girma har a 2018 uwar kamfanin ta sauya suna zuwa Booking Holdings, wato ita ce mai Booking.com da Agoda da wasunku ke amfani da su.

Yaya tayin yake a wancan lokacin? Za ka zaɓi birni, misali New York ko Chicago ko Las Vegas. Ka zaɓi yanki a cikin birnin. Ka zaɓi darajar otal, tauraro uku ne ko huɗu. Ka sa kwanakinka, ka rubuta abin da za ka iya biya a kowane dare, sannan ka sa lambar katinka. Cikin ɗan lokaci amsa za ta zo. In an samu otal ɗin da ya sallama, nan take za a cire kuɗin, sai a lokacin za a gaya maka sunansa. Ba fasawa, ba canza rana, ba mayar da kuɗi. In kuma an ce albarka, ba za ka ƙara ɗari biyar a take kamar a kasuwa ba. Sai ka jira awa 24, ko ka canza wani abu, ka ƙara yanki ko ka rage tauraro. Har gwanayen harkar suka gano wata dabara, su ƙara yankin da suka san ba shi da otal mai wannan darajar, don kawai a ba su damar sake tayi.

Ku lura da wani abu a nan. A Kantin Kwari sai ka ɗaga yadi, ka murza shi, ka haska shi a rana, sannan ka taya. Ko an sallama maka, kuɗinka na aljihunka. A wannan tsarin kuwa kuɗin na gaba, ganin kaya na baya. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai wannan birin an gaya maka unguwarsu da nauyinsa.

Wani zai ce, to me ya sa otal zai yarda ya karya farashi haka? Saboda ɗakin otal ya fi tumatir saurin lalacewa. A ce otal na da ɗaki 300, daren yau 60 ba kowa. Gari na wayewa, kuɗin wannan daren ya tafi ke nan, ba wanda zai zo gobe ya sayi daren jiya. Gara a karɓi rabi da a tashi a tutar babu. Amma in otal ya fito fili ya rubuta rabin farashi, wanda ya biya cikakke zai ji an cuce shi, saura kuma kowa ya riƙa jiran ranar rangwame. Shi ya sa yake sayarwa ta ƙofar baya, a ɓoye sunansa. Kai kuma abin da ka ba da a madadin rangwamen abu biyu ne: sanin inda za ka kwana, da ikon cewa na fasa. Ku riƙe wannan, a kansa duk maganar yau take.

A 2016 Priceline ya daina tayin tikitin jirgi, daga nan tsarin tayin ya yi ta ja baya. Abin da za ku fi gani yanzu shi ne ƙaninsa: a nuna maka farashi mai sauƙi da yanki da taurari, a ɓoye sunan otal sai ka biya. Priceline na kiran nasa Express Deals, Hotwire na kiran nasa Hot Rate. An cire jan-in-ja na tayi, sharaɗin kuwa na nan daram, in ka biya ka biya.

To ga nawa labarin. A 2023 aka zaɓe mu mu biyu, ni da wani abokin gwagwarmaya, mu halarci taron matasa a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Wata gidauniya ta biya jirgi. 'Yan ƙungiyarmu suka yi mini karo-karo, wani dubu biyar, wani dubu biyu, akwai wata 'yar bautar ƙasa da ta cire daga alawus ɗinta. Aka haɗa aka canza, ya tashi dala 700, lokacin dala ta haura naira 700 a kasuwar bayan fage. Na ɗora 300 da na tara, ya zama 1,000 cif.

Hedikwatar na gabashin tsakiyar Manhattan, kuma duk otal ɗin da na duba a kusa yana neman dala 280 zuwa sama a dare. Sai na faɗa wani shafi mai ɓoye suna, na ga tauraro huɗu a yankin, dala 165. Wallahi a ranar ji na yi na fi kowa wayo. Na yi lissafi: dare huɗu 660, mu raba biyu, ai banza ta faɗi. Da na zo wajen biya sai na ga ya doshi 800, don harajin ɗakin otal a New York kashi 14.75 cikin ɗari ne, da ƙarin dala 3.50 kowane dare, ga kuma ladan shafin. Na ce ba komai, 400 ne nawa. Na kira abokina, ya ce, "Mutumina danna kawai, in biza ta fito zan ba ka rabina." Na danna.

Tawa bizar ta riga ta fito. Tasa ba ta fito ba.

Da ɗakin da ake iya fasawa na kama, da a ranar zan soke shi in nemi ɗan ƙaramin wuri a Queens in riƙa shiga jirgin ƙasa. Amma na riga na sayar da wannan damar. Shi kuma bawan Allah ya yi asarar kuɗin neman biza, ransa a ɓace, da wane baki zan ce ya biya ɗakin da ba zai kwana ba? Na sauka New York da dala 200.

Na isa otal da daddare a gajiye. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta karɓi fasfo, ta ce akwai kuɗin hidima na dole, dala 35 kowane dare, ban da harajinsa, kuma za a riƙe wasu 200 a kati a matsayin jingina har ranar fita. Na ce ai na biya komai. Ta juyo mini da kwamfuta, ga shi nan a rubuce a takardar da aka turo mini, da ƙananan haruffa. Ba wanda ya ɓoye mini, ni ne ɗoki ya hana ni karantawa. Na tsaya na yi mata bayani tsakani da Allah. Ta tausaya, ta yafe jinginar bisa sharaɗin ba zan ci ko in sha komai a kan asusun ɗakin ba. Kuɗin hidima kuwa ta ce ba hurumin ta ba ne. Aka cire. Saura dala 40, kwana huɗu a gabana.

Abin dariyar, da na buɗe ɗakin sai na ga gado ɗaya ne tal. Irin wannan ciniki alƙawarinsa ɗaki ne da zai ɗauki mutum biyu, irin gadon kuwa sai abin da otal ya ga dama. Da abokina ya zo, da ƙato biyu za mu yi ta ture-ture har asuba.

Kwana biyu ina rayuwa da shayi da biskit ɗin wurin taro. Da rana ina cikin kwat ina magana a kan makomar matasan Afirka, da dare ina kwance a otal mai tauraro huɗu cikina na ƙugi. Rana ta uku na ajiye girman kai, na kira wata lamba da aminin mahaifina ya ba ni tun a gida, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke tuƙin tasi yana zaune a Bronx. Na ce, "Baba, ɗanka ne daga Kano." Bai tambaye ni komai ba sai adireshi. Bayan isha'i sai ga shi da kular tuwo da miyar kuka. Da ya ga otal ɗin ya ji labarina, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ka kwana a gidan sarki da cikin almajiri." Shi ya kai ni filin jirgi ranar komawa, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka masa da alheri.

Abin da ya fi yunwar ciwo shi ne ranar da na tsaya gaban 'yan ƙungiya ina ba da bayanin kuɗi. Mu ne kullum muke cewa shugabanni su fito da rasit. Ma'ajiyarmu ta duba takardun ta ce, "Shugaba, wa ka shawarta kafin ka sa kuɗin mutane a abin da ba a fasawa?" Ban da amsa. Na ce kuskurena ne. Daga ranar muka sa doka: kuɗin ƙungiya ba ya shiga cinikin da ba a mayarwa sai mutum uku sun sa hannu.

Kar ku ce na ce tsarin ba shi da amfani. Wanda ke cikin ƙasar, ranarsa tabbatacciya, kowane otal a yankin ya yi masa, kuma in an samu akasi asarar ba za ta karya shi ba, wannan zai ci riba sosai. Domin irinsa aka yi abin. Mu kuwa tafiyarmu na rataye da biza, da jirgin da za a iya ɗagewa, da kuɗin da ba namu kaɗai ba. Mun fi kowa buƙatar ikon fasawa, kuma shi ne ainihin abin da rangwamen ke saye daga hannunmu.

Saboda haka ƙanwata, da duk mai shirin tafiya, ga abin da zan ce.

Na ɗaya, kar ki biya abin da ba a mayarwa sai biza na cikin fasfo, tikiti na hannu. Kafin nan ki kama ɗakin da ake sokewa kyauta. In komai ya tabbata, kina iya soke shi ki nemi mai rangwame.

Na biyu, ki kwatanta jimilla da jimilla. Tun watan Mayun 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta wajabta a nuna kuɗin hidima na dole a cikin farashin da ake tallatawa, amma haraji na iya zuwa daga baya. Ki bi har shafin ƙarshe ki ga lambar da za a cira.

Na uku, ki buɗe taswira ki duba iyakar yankin da aka zana. Ki ɗauka a can ƙarshen layin za a jefa ki. In hakan bai yi miki ba, ki bar shi.

Na huɗu, ki bar kuɗin jingina a kati, kuma katin ya kasance da sunanki. In shekarunki ba su kai 21 ba ki bincika, otal da yawa a Amurka ba sa ba ɗan ƙasa da haka ɗaki.

Na biyar, in New York ce, ki leƙa Long Island City a Queens. Jirgi mai lamba 7 zai kai ki Grand Central cikin 'yan mintuna, daga nan da ƙafa za ki ƙarasa Majalisar. In kuma tafiyarki ta faɗa makon babban taron shugabanni a watan Satumba, ki kama ɗaki da wuri, lokacin otal ba ya neman kowa.

Na ƙarshe, in kuɗin jama'a ne, ki yi shawara kafin ki danna.

Nan za mu dakata. Duk wanda ya taɓa gwada irin wannan ciniki, ya ci riba ko ya ƙone, ya ba mu labari a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin tafiya. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.