Zauren Ƙungiya a Cikin Waya: Jawabin Akawunmu a Taron Cikar Shekara

 

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, shugabannin rassanmu na Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya da Katsina da Kano, direbobi da 'yan kamasho da kuka bar lodi kuka zo, assalamu alaikum. Barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa mu riƙe amanar da suka bar mana.

Kwamiti ya umarce ni in yi bayani a kan shawarar nan ta buɗe wa ƙungiya shafinta na intanet, tunda yau za ku yanke hukunci, kuma kuɗinku ne za a kashe. Zan faɗi abin da muke so a gina, da abin da ya kamata mu gama a tsakaninmu kafin a ba kowa ko sisi.

Abin da ake nufi kamar gida ne mai zaure da ɗakin ciki. Zauren na 'yan ƙungiya ne: mutum ya shiga ta wayarsa da lambar sirri, ya ga katinsa, ya ga kuɗin wata da ya biya da wanda ake binsa, ya karanta sanarwa. Ɗakin ciki na ma'aikata ne: sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi da akawun kowane reshe. Nan rajista take, nan littafin kuɗi yake. Bambancinsa da dandalinmu na WhatsApp shi ne, a can magana tana wucewa, wa'azi da gaisuwa da tallar atamfa su binne ta kafin azahar. A nan abin da aka rubuta yana nan da kwanan watansa da sunan wanda ya rubuta.

Me ya sa muke buƙatarsa? Ku tuna watan Agusta na 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba na 2020, amma tamu ta Jibiya sai a Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har watan Maris na 2024. Duk tsawon lokutan nan littafin Maraɗi yana Maraɗi, na Katsina yana Katsina, babu mai ganin na wani. Ku tuna kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da biyan kuɗi ya koma ta waya, shaidar biya ta zama hoto. Wayar da ta faɗa ruwa ta tafi da shaidar mai ita. Ƙungiyar da take da ƙafa ɗaya a Nijar, ɗaya a Najeriya, tana buƙatar littafi guda wanda rufe iyaka ba ya raba shi biyu.

To amma iyayena, na'ura ba ta gyara littafi. Abin da ka zuba mata shi za ta maido maka. In rajistarmu a hargitse take, za mu biya kuɗi mai yawa mu sami hargitsi mai sauri. Saboda haka aikin farko ba na masanin kwamfuta ba ne, namu ne, da biro da takarda.

Mu fara da suna. Mutum ɗaya, katinsa na Nijar ya rubuta Ousmane, littafin Kano ya rubuta Usman. Wani Issoufou ne a nan, Yusuf a can, a tasha kuwa da laƙabi kaɗai aka san shi. Mu da muka san fuska mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta za ta ƙirga shi mutum uku, ta bi biyu daga ciki bashi. Lambar waya ma ba za ta raba gardama ba, domin yawancinmu layi biyu muke riƙewa, mai farawa da 227 da mai farawa da 234, kuma layi yana ɓata. Maganin shi ne kowane ɗan ƙungiya ya sami lamba guda ta har abada, a haɗa ta da hotonsa, da sunansa yadda yake a takardar hukuma, da laƙabinsa, da layukansa duka. Ko ya rasu, ba a ba wani wannan lamba.

Sai kuɗi. Muna karɓar naira, muna karɓar sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 canjin safe daban, na yamma daban. Don haka duk biyan da aka shigar sai ya ɗauki abu huɗu: irin kuɗin, adadinsa, ranar, da canjin ranar. Ba a mayar da sefa naira a goge asalin. Akwai kuma wani tarko da baƙon masani ba zai sani ba sai mun gaya masa. Mu a Maraɗi da dala muke ƙirge, dala ɗaya sefa biyar. In Bamaraɗe ya ce ya ba da ɗari, sefa 500 yake nufi. In ya ce jika, 1,000 ke nan. Akawun Kano da ya ji ɗari zai rubuta 100, ya cinye wa bawan Allah 400 ba da niyya ba. Dokarmu ta zama ɗaya: a rubuta lambar da ke jikin takardar kuɗin.

In mun gama wannan, me za a fara ginawa? Shawarar kwamiti abu uku ne kawai. Na ɗaya, rajista da kuɗin wata, tare da rasit mai lamba. Na biyu, allon sanarwa a kan hanya da iyaka: an buɗe ko an rufe, wace takarda duwan ko kwastan suke nema yanzu, wane kaya aka hana fitarwa. Kowace sanarwa ta fito daga akawun reshen da ke wurin, da ranarta da sa'arta, domin labarin jiya kan iya sa mutum ya ɗora buhu ɗari uku na wake a Dawanau ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Na uku, littafin ƙorafi: an tsare mota, kaya sun ɓata, an yi saɓani da direba. A ba ƙorafin lamba, mai shi ya riƙa ganin wa yake hannunsa da inda aka kwana.

Na san wasu suna son a sa farashin kasuwa, da saye da sayarwa, da neman mota. Duka suna da kyau, amma kowane ƙari yana son mutumin da zai riƙa ciyar da shi kullum. Farashin da ya kwana uku ba a sabunta ba ya fi rashin farashi illa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu maganar da na san tana ran dattawa: wa zai ga me? Sirrin ɗan kasuwa rabin jarinsa ne. Wannan shafi ba zai tambayi yawan kayanka ba, ko wanda kake saye a wurinsa, ko wanda yake binka bashi a kasuwa. Abin da ke tsakaninka da ƙungiya kaɗai zai riƙe. Ɗan ƙungiya zai ga shafinsa, ba zai ga na maƙwabcinsa ba. Akawun reshe zai ga reshensa. Wanda ya shigar da kuɗi ba shi zai tabbatar ba, sai ma'aji. Kuma babu gogewa: in lamba ta shiga ba daidai ba, a rubuta gyara a ƙarƙashinta, tsohuwar tana nan kowa yana gani. Wannan ya haɗa da ni da ke tsaye gabanku. Hukuma ma ta san da wannan haƙƙi, domin Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, Najeriya ta yi tata a 2023. Kafin su duka, malamanmu sun karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu da shaida ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Dole kuma a yi ginin daidai da wayoyin da ke aljihunmu. Da yawa cikin manyanmu ƙaramar waya mai madanni suke riƙewa. Duk wanda ya biya kuɗi, saƙon tes ya shigo masa nan take da lambar rasit. Sanarwa ta fito da Hausa tukuna, sannan Faransanci da Turanci, a haɗa da saƙon murya saboda masu karatun ajami da waɗanda ido ya fara gajiya. A bakin iyaka sabis yana rawa tsakanin ƙasa biyu, wuta kuma kun ga yadda muka yi da aka yanke mana ta Najeriya a Agusta na 2023. Don haka akawu ya iya shigar da aiki ko babu intanet, in sabis ya dawo ya tura. Rasit na takarda zai ci gaba. Wanda ba ya son taɓa waya, ya zo ofis kamar yadda ya saba, haƙƙinsa bai ragu ba.

Saura maganar mai gini. Hanya biyu ce: ko a ɗauki manhajar kasuwanci da aka riga aka yi, irin su Odoo ko ERPNext, a daidaita ta da aikinmu, ko a sa wani ya rubuta mana sabuwa daga tushe. Kwamiti ya karkata ga ta farko, domin in wanda ya daidaita ta ya tafi, za a sami wani da ya san ta. Ko wacce aka zaɓa, sharuɗɗa huɗu za su shiga yarjejeniya. Adireshin shafin a yi rajistarsa da sunan ƙungiya, ba da sunan mai gini ko ɗan wani Alhaji ba, domin haya ce da ake sabuntawa duk shekara, kuma wanda sunansa ke kai shi ne mai gida. Babbar lambar sirri ta zauna a hannun mutum uku da taro ya zaɓa. Duk ƙarshen wata a sauke kwafin rajista da littafin kuɗi a Excel, a ajiye ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Katsina. Biya kuma kashi-kashi, kowane kashi bayan mun gwada da hannunmu. Sannan mai gini ya rubuta mana kuɗin da abin zai riƙa ci duk shekara: hayar ma'ajiyar bayanai, saƙonnin tes, data, gyara. Mai sayen jaki yakan tambayi kuɗin harawa.

Gwajin kuwa, mu fara da rassa biyu, Ɗan Isa da Jibiya, ɗaya a kowane gefe. Wata uku a riƙa rubutawa a littafi da na'ura tare. Duk ƙarshen wata mai binciken kuɗi ya haɗa jimilla biyun. In sun yi daidai sau uku a jere, a ƙara sauran rassa. In ba su yi ba, a tsaya a nemo dalili. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke roƙo a yau uku ne. Ku amince a fara tantance rajista daga wata mai kamawa, kowa ya zo reshensa da katinsa da tsofaffin rasit ɗinsa. Ku zaɓi mutum ukun da za su riƙe lambar sirri, kuma ina roƙon a sa ɗaya daga cikin iyayenmu mata, tunda su ma kuɗinsu yana cikin asusun nan. Sannan ku hana a fitar da kuɗin gini har sai an karanta muku rajistar da aka tantance a taro na gaba.

Allah ya buɗa mana hanya, ya tsare direbobinmu, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya, ya maimaita mana.