Aikin Banki: Ga Kwat, Ga Mota, Amma Ina Tabbas?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)

 

Da aka ce in yi magana a kan aikin banki sai da na yi dariya, domin ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da ya haɗa ni da banki bai wuce bin layin albashi ba. Amma na karɓa saboda wani ɗan ajinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Wata safiya ya isa ofis, ya zauna, ya buga lambarsa ta sirri, kwamfuta ta ƙi buɗewa. Ya ɗauka matsalar na'ura ce, ashe an sallame shi tun daren jiya, takardar ce ba ta iso ba. Wata biyu bawan Allah nan yana sa kwat yana fita da sassafe don kada maƙwabta su gane. A tsakanin nan har mun aika masa da takardar neman gudummawar gyaran ɗakin karatu, kuma kamar kullum muka yanka masa kaso mafi tsoka, tunda ai ɗan banki ne. Ya kuwa biya.

Jama'a, wannan ba sabon abu ba ne. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. A nan ne Bank of the North, da malamanmu suka sani sosai, ya narke cikin Unity Bank tare da wasu takwas. To, idan bankuna biyu suka haɗe, kuma kowanne yana da reshe a titi ɗaya, ba a bukatar manaja biyu. A watan Agusta na 2009 kuma Malam Sanusi Lamido Sanusi ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Daga baya Access ya haɗiye Intercontinental, Ecobank ya haɗiye Oceanic. Shugabannin ne suka yi ɓarna, amma ƙananan ma'aikata ne suka fi yawa a layin fita.

Wanda ya fi taɓa tsararmu shi ne na 2016, kuma a nan mu ma'aikatan gwamnati ba za mu wanke hannu ba. A 2015 aka umarci ma'aikatun tarayya su kwashe kuɗaɗensu daga bankunan kasuwanci su zuba a asusun bai-ɗaya a Babban Banki. Ni ina ganin matakin daidai ne, domin a da banki yakan riƙe kuɗin gwamnati kusan kyauta, ya juya ya ranta wa gwamnatin da ruwa. Amma akwai ma'aikacin da duk ƙimarsa a wurin manaja ita ce asusun wata ma'aikata guda da ya samo. Da asusun ya tafi, ga farashin mai ya faɗi, sai aka shiga rabon takardun sallama, har Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya fito a watan Yuni na 2016 ya ce a dakata. A watan Mayu na 2020 ma, lokacin korona, sai da Babban Banki ya hana kowane banki rage ma'aikata ba da izininsa ba.

Abin da na fi so mu lura da shi shi ne wannan: da yawa daga cikin waɗanda muke gani a bayan kanta ba ma'aikatan bankin ba ne sam. Wani kamfani ne ya ɗauke su ya ba banki haya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 sun nuna kusan huɗu cikin kowane ma'aikata goma na kwantiragi ne. Kwat iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma albashi ba ɗaya ba, ba ƙarin girma. Ranar da aka gaji da mutum ba a ma kiran abin kora, sai a ce an mayar da shi ga kamfaninsa. Shi kuma na dindindin an yanka masa adadin kuɗin ajiya da zai kawo, in ya kasa sau biyu ko uku a kira shi a ce ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa. Saboda haka ba sai banki ya yi asara ake kora ba. Ana yi ko a shekarar da aka ci ƙazamar riba. Ga wayar hannu da masu POS a kowace kwana sun rage bukatar kashiya.

Kada mu ma mu yi alfahari. Malamanmu suna tune da 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta sallami dubban ma'aikata, wasu a rediyo suka ji.

Ga 'yan'uwanmu da abin ya shafa, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho. Kuma kada wanda ya sa hannu a takardar ajiye aiki kafin ya nuna wa lauya. Muna da lauyoyi a cikinmu, akwai kuma Kotun Ƙwadago ta Ƙasa.

Roƙona ga shugabanni biyu ne. A daina yanka wa mutum gudummawa bisa sunan inda yake aiki. Sannan a zaɓi mutum uku masu riƙe sirri, har da malami ɗaya, waɗanda ɗan'uwa zai iya gaya wa halin da yake ciki ba tare da labarin ya zagaya ba, su kuma su taya shi cigiyar aiki a tsakaninmu. Ina fata Sakatare zai sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar Azahar.