Cizon Farce Da Sauran Halayen Da Suka Ƙi Sakin Mutum



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, watau cizon farce. Na zaɓe shi ne domin wanda ya gane yadda wannan hali yake kama mutum, ya gane na taba sigari da na asara da na goron da wasu ba sa iya wuni sai da shi.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Masana sun nuna cewa duk aikin da mutum ya yi ta maimaitawa a yanayi iri ɗaya, ƙwaƙwalwa takan miƙa shi ga wani sashe nata da ke aiki ba tare da tunani ba. Shi ya sa direban da ya daɗe yana bin hanyar Ikko zuwa Kano yake canja giya yana hira. Haka mai cizon farce yake: ba shawara ya yi ba, hannu ne ya je baki da kansa. Akwai abin da ke tayar da shi, ko damuwa, ko zaman jira, ko ɗan ƙaiƙayin gefen farce. Ya ciza, ya ji ɗan sauƙi, wannan sauƙin shi ne igiyar da ke ɗaure halin. To mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan da Shagamu, damuwa da zaman jira ba baƙinmu ba ne. Mai gadi ya kwana ido biyu, ɗan kasuwa yana jiran mota daga Arewa, ga kuɗin haya, ga tunanin iyali a gida.

Kada a ce abin ba shi da illa. Hannun da ya wuni yana karɓar kuɗi a kasuwar Mile 12, ƙarƙashin farcensa ƙwayoyin cuta ne da ƙwan tsutsar ciki, mai cizo kuwa kai tsaye yake kai su baki. Fatar gefen farce takan yage, yatsa ya kumbura ya tara mugunya, haƙoran gaba su gutsure.

Iyaye, duka da tsawa ba sa raba yaro da wannan hali. Ƙara masa fargaba suke yi, fargaba kuwa tana cikin abubuwan da ke kai hannu baki. Shafa ɗaci a yatsu, kamar ruwan shuwaka, yana da amfani ɗaya tak: yana farkar da mutum ya san ya fara.

A shekarar 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Nathan Azrin da Robert Nunn, suka fito da wata hanya wadda har yau likitoci suna aiki da ita. Da farko mutum ya yi kwanaki yana lura da kansa, wane lokaci ne, a ina ne, me yake ji kafin hannu ya tashi. Sa'an nan da zarar ya ji alamar, sai ya ba hannun wani aiki da ba zai haɗu da cizo ba, ya dunƙule shi ko ya riƙe wani abu tamau na minti ɗaya zuwa uku, har sha'awar ta lafa. Ni a ganina carbi ya isa, yana aljihun kowa. Kuma a sami wani na kusa, mata ko abokin ɗaki, wanda zai tunatar cikin ladabi, ba da gori ba. Dubi azumin Ramadan: mai shan taba yakan haƙura daga asuba zuwa magariba, domin tsarin yininsa ya sake kuma jama'a duka suna tare da shi. Sai dai taba tana da sinadarin nikotin da ke kama jiki, saboda haka mai son barinta ya haɗa da shawarar likita.

Kwana nawa ake ɗauka? Maganar kwana 21 da ake yayatawa ba ta da tushe mai ƙarfi. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan a 2009 ya gano cewa sabon hali yakan zauna a wajen kwana 66, wasu 18, wasu har 254, kuma kuskuren rana ɗaya bai rushe aikin ba.

Yanke farce sunna ce, kuma an hana a bar shi ya wuce kwana 40. Gajeren farce mai santsi ba ya ba haƙori abin kamawa, don haka a yanke duk Juma'a. 'Yan'uwanmu masu yankan farce suna zagaya unguwanni suna kaɗa almakashi, sana'a ce ta halal, amma kowa ya mallaki almakashinsa ya miƙa musu, domin ciwon hanta da ake kira hepatitis B yana bin jini daga kayan aikin da aka yi wa wani amfani da su.